Bokiti 36: Iri Ne Ko Wahala Ke Ƙara wa Shuka Antioksidan?

9 ga Nuwamba

Yau na yafa iri. Latas kala biyu, kore shar da ja mai nannaɗaɗɗen ganye. Tumatir kala huɗu: babban ja, ƙananan nan masu fitowa gungu-gungu, mai ruwan ɗorawa, sai 'yan ƙwayoyin Indigo Rose da na samu da ƙyar.

Gardama ce ta jawo wannan aiki. Wasu na cewa shukar da ta sha wuya, ko ƙishirwa ko zafin rana ko ƙarancin taki, ita ta fi tara antioksidan. Wasu kuma su ce zancen banza ne, komai a cikin iri yake. Ni dai na fi karkata ga na farkon, kuma gara in rubuta tun yanzu, kada nan gaba in zo in ce ai dama na sani.

Antioksidan ba abu ɗaya ba ne, sunan dangi ne. A cikinsu akwai bitamin C, akwai laikofin da ke sa tumatir ya yi jawur, akwai antosayanin mai ba ganye launin ja ko shunayya, da wasu masu ɗimbin yawa. Abin da ya haɗa su shi ne suna tare ɓarnar da wasu nau'o'in oksijin masu tsokana ke yi wa ƙwayoyin halitta. A yanka tuffa a ajiye, ba za ta jima ba za ta fara duhu. A shafa mata ruwan lemun tsami, sai ta daɗe da haskenta. Shuka kuwa ba don mu take haɗa su ba. Ganye ne ke tsaye cikin rana wuni zur, ba shi da ƙafar gudu zuwa inuwa, dole ya tanadi abin kare kansa.

Bokiti 36 na huda wa gindi, 16 na latas, 20 na tumatir. Ƙasa ɗaya na cakuɗa na raba musu. Kayan awo: ƙaramin sikeli, ma'aunin zafi, sirinji, kwalbar aidin, sitaci, da wannan littafi.

21 ga Nuwamba

Duk sun tsiro. A cikin jan latas akwai tsirrai biyar da ba su nuna alamar ja ba ko a bakin ganye. Na soka musu tsinke a gefe, mu gani.

6 ga Disamba

Dashe. Latas ɗin na raba biyu, rabi a fili cikin rana, rabi ƙarƙashin ragar inuwa. Kowane rabi na sake raba shi: wasu za su sha yuriya sosai, wasu ɗan kaɗan. Tumatir kuwa kowane iri bokiti shida, uku za su riƙa shan ruwa su ƙoshi, uku za a rage musu da zarar sun ɗaura 'ya'ya. Indigo Rose bokiti biyu kawai, na kallo ne. Don kada in riƙa rikicewa wajen ban-ruwa, sai na jera duk waɗanda za a rage wa ruwa a jikin katanga.

Tsirran nan biyar masu tsinke har yau kore ne fatau. Ashe irin ne ya zo a gauraye. Na ɗan ji haushi, amma da na tsaya na dube su tsakiyar 'yan uwansu da suka fara jaja-jaja, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya, sai na ga sun riga sun fara amsa mani tambayar da ban gama yi ba.

19 ga Disamba

Wannan makon ne na fara ganin abin da ya sa na ɗauko aikin.

Jan latas na cikin rana ya yi duhu kamar busasshen jini. Na ƙarƙashin raga, iri ɗaya daga takarda ɗaya, ya tsaya kore mai ɗan jirwayen ja a baki-baki, ganyensa ya fi faɗi, ya fi laushi. In ka buɗe na ranar ma, ganyen ciki da 'yan uwansa suka lulluɓe kore ne har gindi. Iyakar inda haske ya taɓa, iyakar inda ja ya tsaya.

Kwana goma da suka wuce na kafa wani tsohon gilashin taga a kan bokiti guda. Haske na shiga sosai, da ido ba za ka ce an rage komai ba, amma sababbin ganyen da suka fito a ƙarƙashinsa ba su kai na waje ja ba. Gilashi yana tare yawancin hasken nan da ido ba ya gani, wanda ake kira UV-B, shuka kuwa tana da furotin na musamman mai suna UVR8 da ke jin wannan haske. A 2011 aka tabbatar da cewa shi ne idon da shuka ke gane UV-B da shi. Da ya ji, sai ya tada hanyar haɗa antosayanin da danginsa, su taru a fatar ganye su zama laima. Sanyin dare ma na ƙara ingiza wannan hanya, kuma kwanakin nan da asuba akwai sanyi sosai.

Koren latas fa? Rana ɗaya ta doke shi, sanyi ɗaya ya sha, bai yi ja ba ko ɗis. Yana da nasa sinadaran kariyar marasa launi, su ma rana na ƙara su, amma antosayanin kam ba gadonsa ba ne.

28 ga Disamba

Ƙasan ganyen wasu tumatir ya koma shunayya, har jijiyoyin. Na fara murna wai antioksidan ya ƙaru. Ya ƙaru ɗin, amma kuka ne shukar ke yi: in ƙasa ta yi sanyi saiwa ba ta iya jan fosfaras yadda ya kamata, ƙarancinsa kuwa alamarsa ke nan. A ganyen da ba wanda zai ci. Na matsar da su inda hantsi ke fara sauka.

11 ga Janairu

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Yau na fara awo.

Ƙanwata, wadda ke koyar da ilimin sinadarai, ita ta nuna mani hanyar. A narka sitaci a ruwan zafi a bar shi ya huce. A auna ganye ko 'ya'yan itace, a niƙa, a tace, a zuba masa ɗan ruwan sitacin, sannan a riƙa ɗiga aidin da sirinji ana girgizawa. Muddin akwai sauran bitamin C, yana cinye aidin ɗin nan take, launi ya ɓace. Da ya ƙare, ɗigon da ya biyo baya sai ya haɗu da sitaci, ruwan ya koma shuɗi mai duhu ya tsaya. Yawan ɗigo shi ne yawan bitamin. Don a san darajar ɗigo guda, sai a fara da ƙwayar bitamin C mai miligiram 100 da aka narka a ruwan da aka auna.

Mun fara gwada hannu da tattasai biyu, ɗanye kore da nunanne ja. A teburin ma'aikatar gona ta Amurka, giram 100 na jan tattasai na ɗauke da kimanin miligiram 128, kore kimanin 80, tumatir kuwa kimanin 14 kacal. Namu ma jan ne ya fi shan aidin nesa ba kusa ba, don haka hanyar na aiki. Tattasai dai tsohon hannu ne a wannan fage: daga danginsa Albert Szent-Györgyi ya samu bitamin C mai yawa a Szeged ta ƙasar Hangari, kafin ya karɓi kyautar Nobel a 1937.

Da muka zo kan latas sai aiki ya cije. Bitamin ɗin kaɗan ne, 'yan ɗigo ƙalilan ya ƙare, ɗigo ɗaya na kuskure ya isa ya juya sakamako. Na ja kuwa ya fi ba da wahala, don ruwansa dama mai duhu ne, ba ka gane lokacin da shuɗin ya shigo. Sau uku muna yi, sau uku muna musu a kan ko ya canja ko bai canja ba. Wani kofi kuma na bar shi a niƙe na tafi amsa waya. Da na dawo ya ba da ƙasa da na farko, don da zarar an farfasa ganye bitamin C ya fara lalacewa. Daga yau doka: a tsinka a sa'a ɗaya kullum, a niƙa, a auna nan take.

Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne koren latas na rana ya fi na inuwa shan aidin a duk karon da muka gwada. Ba abin mamaki ba ne. Daga sukari shuka ke haɗa bitamin C, sukari kuwa daga haske.

25 ga Janairu

Latas ɗin da ya sha yuriya ya yi ƙato, ganye fal ruwa, gwanin sha'awa. Na ɗan takin ƙarami ne, ganyen ya fi kauri, jan ya fi kamawa, in ka tauna akwai ɗan ɗaci.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na mahaɗar hanya. Akwai wani sinadari, fenilalanin, wanda shuka ke iya kai shi ɗayan wuri biyu: ko ta gina furotin da shi ta ƙara girma, ko ta ɓalle naitirojin ɗin da ke jikinsa ta adana, ta mai da sauran antosayanin da danginsa. In naitirojin, wanda shi ne abin da yuriya ke bayarwa, ya wadata, sai ta zaɓi girma. In ya yi ƙaranci, sai kaya su karkata ɗaya hanyar.

Nan ne tsohuwar rigimar takin gargajiya da na zamani ke shigowa. A 2007 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fitar da sakamakon tumatir na shekara goma: wanda aka noma ba da takin zamani ba ya fi da kashi 79 cikin ɗari na kwasetin, da kashi 97 na kamferol, su ma dangin antioksidan ne. Su kansu sun danganta abin da yawan naitirojin da shuka ke samu. A 2012 wata tawaga a Stanford ta tattara bincike masu yawa ta ce ba ta ga ƙwaƙƙwarar hujjar cewa irin wannan noma ya fi gina jiki ba. A 2014 kuma wata tawaga ƙarƙashin Jami'ar Newcastle ta duba rubuce-rubuce 343 ta ce akwai bambanci, a wani rukunin sinadaran har kashi 69. Kowane ɓangare na ɗauko wanda ya yi masa daɗi. Ni a ganina shuka ba ruwanta da sunan da aka raɗa wa taki. Nawa ya iso saiwarta, kuma da wane sauri, shi ta sani.

Tumatir sun ɗaura 'ya'ya. Daga yau na katanga rabin ruwa za su riƙa sha.

9 ga Fabrairu

Babban jan tumatir na katanga ya fara baƙi a gindin 'ya'yan, tabo mai lotsawa kamar an ɗora masa garwashi. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya fi shekara arba'in yana lambu, ya leƙo ya ɗauki ɗaya ya juya.

"Yaro, tumatir ba ya son wasa da ruwa. Yau ka ba shi, gobe ka hana shi?"

Na ce, "Baba, gwaji nake yi."

Ya ce, "To, shi ma gwada ka yake yi."

Kalsiyam cikin ruwa yake tafiya zuwa 'ya'yan, in ruwa ya yanke, ƙarshen ɗan ne ke fara rasawa. Na zubar da bakwai. Ƙananan masu gungu kuwa, ƙishirwa ɗaya suka sha, ko ɗaya bai yi tabo ba.

22 ga Fabrairu

Indigo Rose ya biya ni wahalata. Kafaɗar ɗan da ke fuskantar rana baƙa ce wuluk tana sheƙi, ɓangaren da ke kallon ƙasa kore. Na ɗaga 'yar hular ganyen da ke kan ɗaya, sai ga hotonta zane a fatar, tauraro kore tsakiyar baƙi, kamar an buga hatimi. Wani kuma ganye ya kwanta masa a gefe, inuwar ganyen ta fito da tsininta da komai.

A Jami'ar Jihar Oregon aka samar da shi ta hanyar barbara da dangin tumatir na daji. Antosayanin ɗinsa a fata yake; da ka yanka, ciki kamar na kowane tumatir. Wanda ya yi shunayya har tsoka shi ne na Cathie Martin ta cibiyar John Innes a Ingila, wadda a 2008 ta sanya wa tumatir ƙwayoyin gado biyu daga wani fure. Shi ba sai rana ta taɓa shi ba.

Kusa da shi ga mai ruwan ɗorawa ya nuna sumul. Ko shekara zai yi a rana ba zai yi ja ba, don hanyar haɗa laikofin a toshe take a jikinsa tun daga mafari.

14 ga Maris

Zafi ya shigo. Tumatir ɗin da suka nuna a watan jiya ja ne har ciki. Na yanzu, a kan uwa ɗaya, suna tsayawa ruwan goro, kafaɗa rawaya-rawaya. Laikofin ba ya haɗuwa sosai in zafi ya haura digiri 30 zuwa 32, ɗan da rana ke duka kai tsaye kuwa ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. Wato ranar da ta cika latas da antosayanin a Disamba, ita ce ke hana tumatir laikofin a Maris. Wahala ba kala ɗaya ba ce, kuma ba kowace ke biya ba.

Na katanga sun fi kowa koɗewa. Na kusa rubuta cewa ƙishirwa ce ta jawo, sai na dafa katangar da la'asar, na janye hannu ba shiri. Na kai ma'aunin zafi can, na dawo da shi tsakiyar fili: bambanci a bayyane. Ashe tun ranar dashe na gama ɓata gwajin da hannuna. Duk bokitin da na hana ruwa na kuma gasa shi, yanzu ba yadda zan raba laifin ƙishi da na zafi. Da ƙuri'a ya kamata in raba musu wurin zama.

23 ga Maris

Awon aidin a kan tumatir, giram 20 daga kowane bokiti. Na katanga sun fi shan ɗigo a duk iri ukun. Na kira ƙanwata baki har kunne, na ce ga shi, wahala ta yi rana.

Ta duba littafin, ta ɗauki ɗan tumatir ɗaya na katanga da ɗaya na fili ta jinjina su a tafin hannu.

"Yaya, kai fa ba bitamin ka ƙara ba, ruwa ka rage."

Ta ja biro. Tumatir kusan kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, saura 5 shi ne tsoka da sukari da komai. A ce ƙishirwa ta sauko da ruwan zuwa 93. Tsokar ta tashi daga 5 zuwa 7 ke nan, ƙarin kashi 40 cikin ɗari a kowane giram, alhali shukar ba ta ƙera ko ƙwayar zarra ta ƙari ba. Miya ce aka bari a wuta ta yi kauri, gishirin bai ƙaru ba. Sannan ta ce in duba shafin girbi. Na katanga 'ya'yansu sun fi ƙanƙanta, sun fi kaɗan, ga bakwai da na zubar. In a kan bokiti za a yi lissafi ba a kan giram ba, wataƙila ma asara na tafka.

Murna ta koma ciki. Amma da na sake bin lambobin a natse, sai na ga abin da ɗokin cin gardama ya rufe mani ido a kansa: ƙananan tumatir da suka sha ruwa suka ƙoshi sun fi babban da ya sha ƙishirwa. Tazarar da ke tsakanin iri da iri ta fi tazarar da duk azabar da na ba su ta haifar.

Wannan ya tuna mani da aikin Donald Davis na Jami'ar Texas a 2004. Ya kwatanta alkaluman kayan lambu 43 na 1950 da na 1999, ya ga sinadarai shida sun ragu, har da bitamin C, kuma abin da ya fi zargi shi ne sauyin iri: an yi ta zaɓen mai girma da yawan amfani, sauran abubuwa suka tsarma. A 2012 ma an gano cewa halin nan na nuna bai-ɗaya ba tare da koriyar kafaɗa ba, wanda masu samar da iri suka shafe shekaru suna zaɓa don kyan gani, yana rage wa tumatir sukari da sinadaran launi. Ba wanda ya yi niyya. Ido aka bi.

30 ga Maris

Wani ya tambaye ni ko in na gama zan faɗa masa wanne ya fi magani. Ba zan faɗa ba. Aidin a kofi ba jikin mutum ba ne, laikofin ma ko ganinsa ba ya yi. Ma'aikatar gona ta Amurka ta taɓa wallafa dogon jerin ƙarfin antioksidan na abinci, wanda ake kira ORAC, sai ta janye shi a 2012, saboda ba hujjar cewa lambobin na nuna abin da ke faruwa a jiki, ga 'yan talla sun mai da shi jari. A Finlan kuma, a gwajin da aka fitar a 1994 kan maza masu shan taba sama da 29,000, waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, antioksidan ɗin da ke ba karas launinsa, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin ɗari. Cin ganye da 'ya'yan itace daban, haɗiyar sinadarin da aka zare daga cikinsu daban. Tambayata a bakin bokiti ta tsaya.

Tun shekaranjiya nake busar da yankakken tumatir a tanda da ƙaramar wuta, ina aunawa, ina mayarwa, har nauyin ya daina sauka. Ba don bitamin ba, shi zafi ya riga ya kashe shi. Nauyin tsokar kawai nake nema. Babban ja ya gama: na katanga ya bar saura fiye da na fili, kamar yadda ƙanwata ta faɗa. Da na raba ɗigon aidin a kan busasshen nauyi, yawancin tazarar ta rufe. Akwai 'yar ragowa, amma bokiti uku sun yi kaɗan a rantse a kansu.

Ƙananan da mai ruwan ɗorawa suna cikin tanda yanzu. Sauran samfurin na cikin firiza, kowanne da lambarsa, ƙanwata za ta gwada su da DPPH, ruwan nan mai launin shunayya da ke koɗewa zuwa rawaya in ya haɗu da antioksidan, hanyar da Marsden Blois ya fito da ita a 1958. Na ce mata ba zan gaya mata wace lamba ce ta katanga ba. Ta ce dama ba ta tambaya ba.

Zagaye na biyu iri biyu kawai zan shuka, bokiti takwas-takwas, nesa da katanga. Na riga na yayyanka takardun ƙuri'ar na zuba a gwangwani.